Tsokacin Kawu a Sashe na Sha Bakwai

Kawu ya rasu ranar Litinin da hantsi, a gidansa na Unguwar Shanu, bayan ya karya kumallo ya ce a miƙo masa hularsa zai tafi ofis. Kafin Inna, matarsa, ta fito daga ɗaki da hular, ya jingina da bango ya cika. Daga Allah muke, gare shi kuma muke komawa. Bayan azahar aka kai shi makwancinsa, mu mata muka zauna a tsakar gida muna karɓar gaisuwa.

Umma, mahaifiyata, ita ce ƙanwarsa da ke bi masa. Ba ta yi kuka ba a ranar farko. Duk wadda ta shigo sai ta ce mata, "Yaya bai taɓa makara ba, kin ga ko nan ma bai ɓata wa kowa lokaci ba." Sai washegari da ta ga takalmansa a bakin ƙofa, an goge su tas kamar kullum, sannan ta fashe, muka yi ta rarrashi. Inna kuwa kwana uku hular nan tana kan cinyarta, ko salla za ta yi sai ta ba ni ajiya.

A waje, 'yan'uwana maza sun ce ba su taɓa ganin zaman makoki mai iri biyu haka ba. A tabarma ɗaya ga lauyoyi daga Legas da Abuja cikin baƙaƙen kwat, sun rasa inda za su sa ƙafafunsu. Ɗaya daga cikinsu ya ce shekara shida yana aiki da Kawu bai taɓa ganinsa ido da ido ba, a gefen takarda kawai ya san shi, amma ya hau jirgi ya zo. A tabarmar da ke kusa kuma ga direbobin manyan motoci da leburori, Kanawa da Katsinawa da Zamfarawa, sun tako a ƙasa tun daga Rafin Guza, inda suke ajiye motocinsu, saboda lungun gidan ba ya cin tirela.

Ranar Laraba, bayan addu'ar uku, aka ce ana sallama da ni a zaure. Na ja mayafi na fita, na tarar da shugaban direbobin, wani dattijo Bazamfare mai farin gemu. Ya yi mini gaisuwa, ya yi wa mamaci addu'a mai tsawo, sannan ya sunkuyar da kai.

"Ke ce Barista, ɗiyar ƙanwa tai?"

Na ce ni ce, Baba.

"Yau Laraba. Yau ce ya ce muna za ya kira mu ya karanta muna sabuwar takarda kahin mu sa hannu. To ga shi Allah ya yi ikonai. Ba wai na zo da maganar aiki wurin makoki ba, ɗiyata, amma yara na tambaya ta. Yanzu wa za ya karanta muna?"

Na ce masa ya ba ni kwana biyu. Na san takardar da yake nufi, domin da hannuna na tsara ta.

Ga yadda abin yake. Kawu shi ne shugaban sashen shari'a na wani kamfani da ke sayen masara da waken soya yana sarrafawa. Su huɗu ne kacal a sashen, don haka manyan ayyuka sai su miƙa wa ofishin lauyoyi na waje. Wannan ofishin shi ne namu: uwar ofis tana Legas da lauyoyi fiye da yadda zan iya ƙirgawa, mu kuma muna reshen Kaduna. Tsakaninmu da sashen Kawu akwai manhaja guda da muke haɗuwa a cikinta. Mu ɗora daftarin yarjejeniya, su buɗe daga ofishinsu, kowa ya ga gyaran kowa da jan rubutu. Mai magana ya liƙa tsokacinsa a gefen sashen da bai gamsu da shi ba. Idan an gama, manhajar ta tura wa mai sa hannu saƙo a wayarsa, ya danna, shi ke nan an ƙulla.

Kada wani ya ɗauka Kawu irin tsofaffin nan ne masu gudun kwamfuta. Shi ya kawo ta kamfanin. Wata damina rufin ɗakin fayil ya yi yoyo, takardun filaye suka manne da juna kamar waina. Kawu ya sa aka shanya su a farfajiya, ya tsaya a kansu da sanda yana korar awaki, daga nan ya rantse ba zai sake barin haƙƙin kamfani a hannun kwano ba. Wata takwas ana ɗaukar hoton takardu ana zubawa a na'ura, yana zaune yana duba kowane shafi. Da yatsu biyu yake bugawa, yana leƙen maɓallan ta saman tabarau, amma ban taɓa ganin ya tura abin da bai yi niyya ba.

Tsokacinsa kuwa da Hausa yake rubutawa, ko da daftarin Turanci ne tun daga sama har ƙasa. Idan ya gamsu sai ya sa "To." Idan bai gamsu ba sai ya sa "A'a," wani lokaci ya ƙara layi ɗaya. Mutanen Legas suka yi ƙorafi, ya ce shi ma shekara arba'in yana karanta nasu yaren bai yi ƙorafi ba. A ƙarshe su suka koya. Na sha jin wata lauya a taron bidiyo tana tambaya cikin Turancinta ko an samu "To" daga Kaduna. Abin da ya fi layi ɗaya kuma ni ake turo wa in fassara.

Akwai wata ƙa'ida da ya sa masu kula da manhajar suka dasa masa. Muddin tsokacin shugaban sashen shari'a yana buɗe, yarjejeniya ba ta wucewa zuwa sa hannu. Ko dai shi ya rufe da kansa, ko lauyan waje da ke riƙe da fayil ɗin ya rufe, amma sai ya rubuta dalili a wani ɗan akwati, sunansa ya zauna a wurin har abada. A iya sanina babu lauyan da ya taɓa gwada hanya ta biyun.

Ranar da aka fara haɗa ni da fayil ɗin kamfaninsu, na shiga ofishinsa da fara'ata na ce, "Kawu, ina kwana?" Bai ɗago ba. Ya ce, "Kawunki yana Unguwar Shanu, sai ki same shi bayan la'asar. Nan Yallaɓai ne, ke kuma Barista." Na fita ina ƙunƙuni. Tun daga ranar ban sake kuskure ba, ko a saƙon waya ne, in dai na aiki ne.

Rigimarmu ta gaske a kan taƙaitawa ce. Ofishinmu ya kawo wata manhaja da ke haɗiye yarjejeniya mai shafi ɗari ta fito maka da shafi biyu. Ni kuwa na ɗauke ta uwa da uba. Aka ba ni yarjejeniyar hayar wani sito kusa da Babbar Kasuwa, na zuba mata, na ɗan gyara abin da ta fitar, na tura wa Kawu ina jiran yabo. Sai ya kira taron bidiyo, da Ogana, shugaban reshenmu, da mutanen Legas duk suna ciki.

"Barista, kin karanta, ko an karanta miki?"

Na ce na duba, Yallaɓai.

"Ban ce kin duba ba. Idan gobara ta tashi a siton nan, wa zai sake gina shi?"

Na yi ta jan shafi sama da ƙasa. Maganar tana can cikin wani rataye a ƙarshen takardar, hoton shafin ya ɗan karkace, manhajar ta tsallake shi, ni ma na tsallake tare da ita. Kawu ya karanto sashen da kansa, a hankali, ya rufe taron. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na je gida na ce wa Umma yayanta ya tsinka ni a gaban baƙi, kuma ni da gidansa sai dai a lahira. Umma ta ce in ci abinci tukuna.

Ranar Asabar sai ga shi da kwandon lemo daga kasuwa. Ya zauna suka yi ta hirar ƙauye da Umma, ni ina ɗaki na ƙi fitowa. Da zai tafi ya tsaya a bakin labule ya ce, "Barista ce ta yi laifi. 'Yata ba ta yi mini komai ba, ta fito ta raka ni mota." Na fito ina tura baki, na raka shi. A hanya ya ce shi ba ya faɗa da manhajar, tana rage wahala, shi ma yana amfani da ita don ya san inda zai fara. "Amma ranar da abu ya ɓaci, ba ita za ta tsaya gaban alƙali ba." Sai bayan shekara biyu Oga ya gaya mini cewa ya so cire ni daga fayil ɗin a makon nan, Kawu ne ya rubuto masa ya ce idan aka cire ni zai nemi wani ofishin. Shi bai taɓa faɗa mini ba.

Abin da ya fi shahara da shi kuwa shi ne karatun takarda. Duk yarjejeniyar da za ta hau kan wanda ba ya jin Turanci, direba ne ko manomi ko ɗan dako, sai Kawu ya buga ta a takarda, ya sa a shimfiɗa tabarma a inuwar siton kamfani, ya karanta musu sashe bayan sashe da Hausa. Yakan gaya musu tun farko, "Ni lauyan kamfani ne, ba naku ba, don haka ku buɗe kunne." Wanda bai gane ba ya tambaya, wanda bai yarda ba ya tashi. Wasu a Legas suna ganin ɓata lokaci ne, tunda akwai wurin da mutum zai danna a waya cewa ya karanta ya fahimta. Kawu ya ce yatsa ne ke dannawa, shi kuwa kunne yake nema. Ya kuma tuna musu cewa doka da kanta ta ce a karanta wa wanda bai iya karatu ba.

To, sabuwar yarjejeniyar direbobi ita ce aikinmu na ƙarshe tare. Kaka ta gabato, kamfani yana son motoci su fara kwaso masara. Na ɗauko samfurin da uwar ofis ke amfani da shi ga kamfanonin sufuri, na cike gurabe. A sashe na sha bakwai samfurin ya ce duk abin da ya sami kaya a hanya, ko mene ne sanadinsa, yana wuyan mai ɗauka. A Legas mai ɗauka kamfani ne mai motoci ɗari da inshorarsa. A nan mai ɗauka shi ne mutum ɗaya da tsohuwar motarsa, yana bin hanyoyin da kowa ya san abin da ke faruwa a cikinsu. A wannan karon na karanta, ba zan yi ƙarya ba. Na ga sashen, na ce ai samfuri ne, manya sun riga sun duba, na wuce.

Ranar Juma'a kafin rasuwarsa Kawu ya liƙa tsokaci a wurin: "A'a. Wannan ba zan iya karanta wa mutum ina kallon idonsa ba. Mu yi magana Litinin."

Washegarin zuwan dattijon nan, ranar Alhamis, Oga ya kira ni. Ya yi mini gaisuwa sosai, mutumin kirki ne, sannan ya shiga magana. Shugaban kamfani yana son a tura wa direbobi saƙon sa hannu ranar Litinin. Ba a naɗa magajin Kawu ba tukuna. Masu kula da manhaja kuma za su rufe ƙofar shigarsa a ranar, kamar yadda ake yi wa duk ma'aikacin da ya bar aiki. Tsokaci ɗaya ne ya tare hanya, ni ce kuma mai riƙe da fayil.

"Ki rufe kawai, Barista. A wurin dalili ki sa mai tsokacin ya rasu. Gaskiya ce ai, babu wanda zai ga laifinki."

Na buɗe kwamfuta a ɗakin Umma, na kai kibiya kan akwatin. Gaskiya ce, ya rasu. Amma sashe na sha bakwai yana nan da ransa, ko harafi bai canza ba. Idan na rubuta wannan dalilin, ranar Litinin wayoyi za su yi ƙara a Rafin Guza, mutanen da suka tako a ƙasa suka yi wa Kawu salla za su danna abin da ya ƙi karanta musu, kuma sunana ne zai zauna a ƙarƙashin nasa. Na ji tsoron Oga, na ji tsoron aikina, ban ɓoye ba. Amma kunyar Kawu ta fi ƙarfi.

Na kira Oga na ce ba zan rufe ba sai an yi maganar da Kawu ya ce a yi ranar Litinin ɗin da ya rasu. Ya ce ina sane da cewa kamfani ne ke ba mu aiki, ba direbobi ba? Na ce ina sane, shi ya sa nake son in gaya wa kamfani da bakina. Ya ce to in shirya, amma idan ta fashe a kaina za ta fashe.

Ranar Juma'a da safe muka haɗu a ofishin shugaban kamfanin, babbar lauyar Legas tana kan allo. Kujerar Kawu tana gefen taga, babu wanda ya zauna a kai. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni lauyarka ce, kuma a matsayin lauyarka nake magana. Direban kirki idan ya fahimci sashen nan ba zai ɗauki kayanka ba. Wanda zai sa hannu shi ne wanda bai fahimta ba, ko wanda ya shirya gudu ranar da abu ya faru. Na farkon, kotu za ta tambaye mu wa ya karanta masa. Na biyun kuma ba za mu same shi ba balle mu kai shi kotu."

Lauyar Legas ta ce samfurin ya yi aiki a wurare da yawa ba a samu matsala ba. Shugaban ya dubi agogo. Sai na ce ina neman alfarma ɗaya: ya ba ni izini in karanta masa wannan sashen kaɗai da Hausa, yadda marigayi zai karanta a inuwar sito. Ya ce bismilla.

Na miƙe tsaye na karanta, ban ƙara ba ban rage ba. "Idan an tare ka a hanya an kwashe kaya, kai za ka biya. Idan gada ta karye da kai, kai za ka biya. Idan an ƙone motar da kayan, kai za ka biya. Idan ka mutu a ciki, magadanka za su biya."

Shugaban ya cire tabarau ya ajiye. Mahaifinsa direba ne, ashe, ban sani ba sai ranar. Ya ce, "Haka takardar ta ce?" Na ce haka ta ce, ranka ya daɗe, Turanci ne kawai ya yi mata sutura. Ya juya ga allon ya ce a gyara.

Ba a ba mu duk abin da Kawu zai so ba. An yi awa biyu ana ja. Sakaci da ganganci suka zauna a wuyan direba, hakan kuma daidai ne. Fashi da gobara da abin da ya fi ƙarfin mutum aka mayar kan inshorar kamfani, aka cire maganar magada gaba ɗaya. Mutanen Legas suka ce gyaran na wannan kamfanin ne kawai, samfurinsu yana nan yadda yake. Oga ya yi mako biyu yana amsa gaisuwata da ka. Duk na ji, kuma ban yi nadama ba.

Ranar Litinin, kwana bakwai cif da rasuwarsa, aka shimfiɗa tabarma a inuwar sito. Na zo da takardar a buge. Direbobi suka zauna, dattijon yana gaba. Na ce musu, "Ni lauyar kamfani ce, ba taku ba, don haka ku buɗe kunne." Sai na ji dariya ta ratsa tabarmar, wasu kuma suna share ido da bakin rawani. Na karanta tun daga sashe na ɗaya. Suka tsayar da ni sau da yawa. Wani Bakatsine ya yi gardama a kan kwanakin sauke kaya, bai gamsu ba, ya kaɗe rigarsa ya tafi, na ce ya kyauta. Da na gama na sha bakwai, dattijon ya gyaɗa kai ya ce, "Mun jiya, ɗiyata. Allah shi gahwarta mai."

Ina rubuta wannan ne don jikokinsa, waɗanda za su taso su ji an ce kakansu lauya ne, su ɗauka aikinsa sa baƙar riga ne da yin Turanci. Haka kuma don lauyoyin da za su buɗe tsofaffin fayil ɗin kamfanin su ga "To" da "A'a" a gefen shafi ba su san mai su ba. Ya Allah, ka yi masa sauƙin tambaya kamar yadda ya sauƙaƙa wa bayinka fahimtar abin da suke ɗauka a wuyansu, ka haskaka kabarinsa, ka ba Inna da Umma haƙurin rashinsa.

Daga sito na wuce ofis kafin azahar. Tsokacin yana nan a gefen sashe na sha bakwai, amma an riga an rufe ƙofarsa, sunansa ya koma launin toka. Na danna rufewa, akwatin dalili ya buɗe yana jira. Shekara biyar ina kiyaye dokarsa a cikin manhajar nan, ban taɓa kiransa da wani suna ba sai Yallaɓai. Na sa yatsu biyu, na buga a hankali:

"An gyara, an karanta musu, Kawu."